Karatun kimiyya ya jefa ni cikin shakka: imanina gaskiya ne ko gado?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina aji uku a sashen nazarin halittu. A gidan malamai na tashi, na sauke Alƙur'ani tun ina yaro, kuma har yau ban bar salla ba. Amma tun da muka shiga darasin juyin halitta, na kuma fara kallon muhawarori a YouTube, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ana koya mana cewa duniya ta yi biliyoyin shekaru, Alƙur'ani kuwa ya ce kwana shida. Ana ce mana halittu daga asali ɗaya suka rarrabu, mu kuma Annabi Adamu muka sani. Abin da ya fi damuna shi ne, da a Indiya ko Italiya aka haife ni, ai addinin gidanmu zan bi, in riƙe shi da gaske kamar yadda nake riƙe da wannan. To imanin nawa gaskiya ne ko gado? Ba zan iya faɗa wa mahaifina ba. Malam, na kafirta ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ba ka kafirta ba. Na fara da wannan domin na san ita ce ke hana ka barci.

A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sahabbai sun je wajen Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda ɗayansu ke jin nauyin furtawa. Ya tambaye su ko lallai sun ji haka, suka ce e. Sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun bayyana cewa ba tunanin ne imanin ba, jin nauyinsa ne. Kai ma da abin bai dame ka ba, da ba ka rubuto ba. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka ce masa ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, amma don zuciyata ta natsu. Yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 260, kuma ba a tsawata masa ba, nuna masa aka yi.

Sai dai ba zan rufe ka da wannan kaɗai ba. Malamai sun bambanta waswasi da shubuha. Waswasi tunani ne da ke faɗowa ba dalili, maganinsa a'uziyya da kau da kai. Shubuha kuwa tana tafe da hujjarta, ba ta gushewa sai da ilimi. Naka akwai shubuha a ciki. Duk wanda ya ce maka ka yi a'uziyya kawai ka daina tunani, rabin magani ya ba ka.

Batun gado nake so mu fi daɗewa a kansa. Tambayar nan ba daga YouTube ta fara ba. Imam Gazali, wanda aka haifa a Ɗusa ta ƙasar Farisa a 1058, ya rubuta a littafinsa Munƙizu minad Dalal cewa tun yana saurayi ya lura 'ya'yan Kirista a Kiristanci suke tashi, 'ya'yan Yahudawa a Yahudanci, 'ya'yan Musulmi a Musulunci. Wannan lura ce ta tsinka masa igiyar bin iyaye ido rufe. Ya kai ga tuhumar idonsa da hankalinsa, ya yi kusan wata biyu cikin halin da shi da kansa ya kira rashin lafiya. Daga baya, a 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa. Ya ajiye muƙamin, ya tafi Dimashƙa da Baitul Muƙaddas da Makka, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai bayan shekara goma da ɗoriya. Mutumin da ake kira Hujjatul Islam ke nan, wanda littafinsa Ihya'u ke ɗakin karatun malamanmu tun kafin jihadi.

Ya faɗi wata magana da nake so ka riƙe. Ya ce imanin kwaikwayo kamar gilashi ne, da zarar mai shi ya gane kwaikwayo yake yi ya fashe, kuma liƙi ba ya gyara shi, sai dai a narka shi a sake ƙerawa. Saboda haka kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman komawa irin natsuwar da kake da ita kana ɗan shekara goma. Waccan ta wuce. Wadda ke gabanka ta fi ta ƙarfi, amma sai ka yi mata aiki.

Ita kanta hujjar, dube ta da kyau. Cewa ka gaji abu bai nuna ƙarya ne ba, bai kuma nuna gaskiya ne ba. Wurin haihuwarka yana bayyana yadda aka yi ka samu aƙidar, ba ya yanke hukunci kan ingancinta. Lissafin da ka iya ma a makarantar da aka sa ka ka same shi. Sannan hujjar ba ta bar kowa ba: wanda aka haifa a gidan da ba a yarda da Allah ba a Suwidin, shi ma rashin imaninsa gado ne. Abin da lurar taka ta wajabta maka shi ne bincike, ba jefarwa ba. Alƙur'ani da kansa ya zargi masu cewa za mu bi abin da muka tarar da iyayenmu a kai, a Baƙara aya ta 170.

Wannan ba baƙon abu ba ne a zaurukanmu. Littafin tauhidin da aka fi karantawa a ƙasar Hausa shekaru aru-aru, Ummul Barahina na Shehu Sanusi mutumin Tilmisan da ya rasu a 1490, da hukuncin hankali ya buɗe: wajibi, mustahili da ja'izi. Kafin a shiga siffofin Allah sai an koya wa almajiri abin da hankali ke tilastawa, da abin da yake korewa, da abin da yake ganin zai yiwu. Falsafa ce zalla, a kan buzu ake koyar da ita. Har wasu ɗaliban tauhidi a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka wuce gona da iri, suna titsiye talakawa da tambayoyi suna kafirta duk wanda ya kasa kawo hujja. Shehu ya yi musu raddi mai zafi a rubuce-rubucensa, ya ce imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne. Ka ɗauki ɓangarorin biyu tare. Imanin kakarka da ba ta taɓa jin sunan Darwin, masanin da ya shahara da nazarin juyin halitta, ba daidai yake. Kai kuma da tambaya ta riga ta taso maka, neman hujja ya hau kanka.

Yanzu kimiyya. Maganar kwana shida ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8, na ƙasarmu kuma kusan biliyan 4.5, kuma hanyoyin awon suna da ƙarfi. Alƙur'ani bai faɗi shekarun duniya ba. Ya ambaci yini da yake kamar shekara dubu a Suratul Hajji, da wanda yake shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij. Ibn Kasir ya kawo saɓanin magabata a kan ko kwanakin shidan irin namu ne ko kowannensu shekara dubu ne, kuma sun yi wannan saɓani ƙarnoni kafin a haifi masu awon duwatsu. Ƙofar a buɗe take tun asali.

Ƙa'idar da manyan malamai suka kafa ita ce, tabbataccen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi. Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya a Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya ce gaskiya ba ta kishiyantar gaskiya, sai dai ta dace da ita ta ba ta shaida. Ibn Taimiyya, da ya rasu a 1328, ya saɓa masa a abubuwa masu yawa, amma shi ma ya rubuta mujalladai don kore karo tsakanin hankali da nassi. Ko gidanku na ɗariƙa ne ko na Izala, kana da malami a wannan magana. Idan aka ga karo, to ɗayan biyu ne: ko abin da aka kira kimiyya bai tabbata ba, ko fahimtar da aka yi wa nassin ce ba daidai ba. Gazali ya buga misali da husufi. Ya ce wanda ya ƙaryata lissafin masana taurari da sunan kare addini ya cuci addini, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, da ya duhunta sassan arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, sun san an sanar da ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo. Aka yi sallar husufi, lissafin kuma bai rage wa ayar komai ba.

A nan ina da gargaɗi, kuma da gaske nake yinsa. Ka guji rataya imaninka a kan bidiyoyin da ke cewa an gano kaza a ɗakin gwaji, ga shi kuma a aya kaza. Na san suna da daɗin ji. Amma kimiyya tana gyara kanta kullum, in ka ɗaure aya da binciken bana, ranar da aka sauya binciken sai ka ji kamar ayar ce ta faɗi. Samari da yawa ta wannan ƙofa shakka ta shige su. Imam Shaɗibi na Andalus, da ya rasu a 1388, ya soki masu cusa kowane fanni cikin Alƙur'ani. Wani misali daga wajenmu: Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. Da Paparoma ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya gaskata labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, domin ba ya son a jingina aƙida da nazarin da gobe ana iya gyarawa. Mai imani ne, kuma shi ya fi kowa sanin binciken.

Juyin halitta sai an rarrabe shi. Cewa halittu suna sauyawa, yanayi yana zaɓar wanda zai wanzu, abu ne da muke gani a asibitocinmu. Kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayar ta sauya. Jinin sikila ya yawaita a ƙasashenmu saboda mai AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Babu nassin da ya hana Allah ya tafiyar da halittunsa ta wannan hanya, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu cewa Allah ne ya saukar da ruwa ba. Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Lebanon ya rubuta tun 1888 cewa in nazarin ya tabbata bai rushe imani da Mahalicci ba.

Inda maganar ke da nauyi shi ne asalin ɗan Adam, kuma ba zan yi maka kwaskwarima ba. Jumhurin malamai suna kan cewa an halicci Annabi Adamu kai tsaye ba uwa ba uba, nassoshin kuma suna da ƙarfi. Masana halittu su ma hujjojinsu na ƙwayoyin gado da ƙasusuwa ba na wasa ba ne. Akwai masu nazari Musulmi a yau da ke cewa mu'ujiza ba ta shiga awon ɗakin gwaji, kamar haihuwar Annabi Isa (AS), saboda haka kimiyya ba ta da hanyar tabbatar da halittar Adamu ko kore ta. A ganina wannan matsaya ta fi adalci ga ɓangarorin biyu, ko da yake ba ta rufe kowace tambaya ba. Halal ne ka ce wannan mas'ala ban warware ta ba tukuna, kana nan kuma a Musulminka. Imam Malik da muke bin mazhabarsa ya shahara da cewa ban sani ba.

Ka kuma lura da inda malamin kimiyya ke tsallake iyakarsa. In ya ce ga yadda ƙwayar halitta ke rabuwa, fanninsa ne, ka saurara. In ya ce saboda haka babu Mahalicci, ya bar kimiyya ya shiga falsafa, kuma a can hujjarsa ba ta fi ta kowa ba. Me ya sa akwai wani abu maimakon babu, me ya sa sammai ke bin doka da lissafi ke iya kamawa, me ya sa zalunci mugun abu ne ko da ya amfani mai yinsa, waɗannan madubin ɗakin gwaji ba ya ganinsu.

Kada ka kai wannan magana Facebook ko zauren WhatsApp. Ka san garinmu, tambaya ta gaskiya tana iya komawa fitina cikin sa'a guda, kuma ba a samun ilimi a inda kowa ke neman kayar da wani. Ka nemi malami ɗaya mai zurfi a tauhidi da usulu wanda ba ya firgita da tambaya, ka zauna da shi a keɓe. Rashin faɗa wa mahaifinka yanzu ba munafunci ba ne, tausayi ne, ko da yake mai yiwuwa ya san Shehu Sanusi da Gazali fiye da yadda kake zato. Ka rage muhawarorin YouTube, ka karanta Munƙizu daga farko har ƙarshe, ƙaramin littafi ne kuma an fassara shi da Turanci. Karatunka na jami'a kuwa ka yi shi da kyau, kada ka ji tsoronsa. Salla ma ka riƙe ta ko a ranar da zuciya ta bushe, ka riƙa roƙon abin da Annabi Ibrahim ya roƙa. In tunanin ya kai ga hana ka barci da cin abinci, ko kana maimaita kalmar shahada ba adadi don tsoron ka fita, wannan ya zama larura, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.

In akwai wata aya ko hadisi takamaimai da ya tsaya maka, rubuto shi da lambarsa, mu duba abin da masu tafsiri suka ce a kansa. Wallahu a'alam.