Tambaya da Amsa: Daga Kano Zuwa Yankari a Hutun Ƙarshen Mako

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a Kano, Asabar da Lahadi kaɗai nake hutawa. Ina son in kai iyalina Yankari da motata. Kwana biyun nan za su isa, ko wahala kawai zan sayo?

AMSA: Malam, za su isa da ƙyar, amma idan da hali ka roƙi Juma'a a wurin aiki. Ga dalili. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi kimanin kilomita 300 ne. Daga Bauchi zuwa masaukin Wikki, wanda ke tsakiyar gandun namun dajin Yankari, akwai wasu kilomita 110. Ka bi titin Gombe, a Dindima ka karya dama zuwa ƙofar Mainamaji, inda ake biyan kuɗin shiga. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ganin ƙofar nan, sai su ɗauka an iso, alhali saura tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji, kuma ba wurin gudu ba ne saboda dabbobi na tsallaka titi. Idan ka haɗa da tsayawar salla, cin abinci da shingayen jami'an tsaro, ka ware awa shida zuwa bakwai.

Wanda ya tashi Asabar bayan asuba zai isa wajen ƙarfe ɗaya, ya juyo Lahadi da hantsi. Tuƙin awa goma sha uku ke nan saboda kwana ɗaya, Litinin kuma a shiga ofis da ciwon baya. Shawararmu, ka bar Kano ƙarfe bakwai na safiyar Juma'a, ka yi Juma'a a Bauchi, ka shiga dajin da sauran rana. Asabar ta zama taka sukutum. Tashi bayan an sauko daga masallaci kuwa yana nufin duhu zai same ka tsakanin Ningi da Bauchi, kuma ba mu ba kowa shawarar tafiyar dare da iyali.

Maganar mai: zuwa da dawowa kilomita 820 ne ko kusa da haka. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 82, ka ƙara kamar lita 10 saboda na'urar sanyi da yawon cikin gari. Ka cika tanki a Bauchi, kada ka sa rai da gidan mai a cikin daji. Kwana biyu kafin tafiya, ba ranar tafiya ba, bakanike ya duba ruwan lagireto, baƙin mai, birki da fanbel. Safaya kuma a gwada iskarta, domin sau da yawa sai taya ta fashe ake gano ita ma a sace take. Ka kama ɗaki tun kana gida, ka riƙe tsabar kuɗi, saboda sabis na waya kan yi rauni a can, tura kuɗi ta waya ya maƙale. Maganar salla kuwa, tafiyar ta wuce nisan da ake yin ƙasaru, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba. Ranar dawowa, in lokaci ya bari, ku tsaya kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin Bauchi, ku kuma yi guzurin masa. Wanda ya wuce Bauchi bai ci masa ba, da sauransa.

TAMBAYA: Yarana uku, babbar shekararta tara. Na ji ana cewa birai na ƙwace abinci, ga kuma ruwa. Ba haɗari?

AMSA: Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. Gwaggon biri ya saba da mutane a Wikki, ya san leda, ya san kular abinci, ya iya shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Yaro ya fi renawa. Don haka kada yaro ya fito da abinci a hannu, a ci a ɗaki ko wurin cin abinci, a kulle ƙofa da taga ko da fitar minti biyu ce, a ɗage gilashin mota. In biri ya fizgi abu a sakar masa. Ja-in-ja ke kawo cizo. Kada kuma a ba su da hannu don a ɗauki hoto, wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko. Gadu ma na kiwo tsakanin ɗakuna, ba ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga gindin dutse da ɗumin digiri 31, rani da damina, garai-garai har ana hangen yashin ƙasa. Wannan hasken ne ke sa a raina zurfinsa. Kusa da bakin dutsen yakan shanye babban mutum, can ƙasa inda ruwan ke gangarawa ne daidai yara. Babba ɗaya ya tsaya a kansu, ba ya danna waya. Matakalar sauka tana da tsawo da santsi, a riƙe hannun ƙaramin. Mata sun fi sakewa da sassafe, kafin 'yan makaranta masu zuwa yawon buɗe ido su cika wurin. Ki tafi da gidan sauro, maganin shafawa na sauro, da gishirin ORS.

TAMBAYA: Wane wata ne ake ganin giwaye?

AMSA: Tsakanin Janairu da Afrilu, Alhaji. Lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, hanyoyin ciki kuma sun yi laka. Sai dai Maris da Afrilu akwai zafi mai tsanani, mai ƙananan yara ya zaɓi Janairu ko Fabrairu, ya riƙo rigar sanyi saboda hunturu.

Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba gidan zu ba ne, babu mai yi maka alkawarin giwa. Gwambaza, mazo, ɓauna da kada sun fi saurin ganuwa. Zaki kuwa sai mai babban rabo. Ana fita ne da ɗan rakiya na gandun, da sassafe ko da la'asar, kuma wanda ya yi fita biyu ya fi sa rai. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, su ke jan ƙudan tsando. A ce wa ɗan rakiya ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse.

TAMBAYA: Ni ba zan samu Juma'a ba. Ina ne kusa?

AMSA: To ka bar Yankari sai hutun Salla. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, bai kai tafiyar awa biyu daga Kano ba: a je da safe, a ci kifi, a dawo kafin magariba. Kada a shiga kwalekwalen da ba rigar ruwa. Ko ka nufi Birnin Kudu ka ga tsoffin zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ka nemi mai gadin wurin ya nuna maka, domin baƙo kan wuce zanen bai lura ba.