Tunatarwa ga ɗaliban da ba su miƙa aiki ba a Moodle

Kin tambayi yadda za a sa Moodle, wato manhajar koyarwa ta intanet, ya tura wa ɗalibi saƙon tunatarwa bayan kwana 7, amma sai idan bai miƙa aikin gidansa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a girka ƙarin manhajar nan mai suna Reengagement. Ki fara kunna bin diddigin kammala aiki a cikin kwas ɗin, sannan ki sanya Reengagement, ki ba shi jinkirin kwana 7, ki kuma zaɓi aikin gidan a gurbin da ke hana tura saƙo idan ɗalibi ya riga ya kammala.

Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne cewa saƙon ba zai fita ba sai cron, wato tsarin da ke gudanar da ayyukan da aka tsara wa lokaci, yana gudana a kan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da Moodle), kuma Moodle na ba da shawarar a riƙa gudanar da shi kowane minti ɗaya. Na taɓa shafe kwana uku ina sake duba saiti, ina zargin kaina, ashe cron ɗin ne ya tsaya tun bayan da aka sauya saba, kuma da aka tayar da shi sai saƙonnin suka fita a lokaci guda.