Kakata ta ce ruwa ya cinye fadamarsu, wane ruwa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Kakata 'yar wajen Maradun ce amma a Gusau muka taso a hannunta, duk sanda aka dafa shinkafa sai tace wannan ai ba shinkafa bace, ta fadamarsu ita ce shinkafa, in kace ina fadamar take sai tace ruwa ya cinye, daga nan sai tai shiru. 'Yan uwanta kuwa kowa ya kama gabansa, wasu Kano wasu Sakkwato wasu ma ba'a san inda suke ba. Wai ambaliya akai ne ko me?
Daga wata mai karatu a Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Ba ambaliyar damina bace wannan, dam ne, dam ɗin Bakolori da aka tare gulbin Sakkwato dashi kusa da Talata Mafara, an fara aikin 1974 aka gama 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina. Lokacin ba'a yi jihar Zamfara ba sai 1996, duk ƙasar Sakkwato ce. Niyyar gwamnati noman rani ne, a samu alkama da shinkafa, amma da ruwan ya taru sai ya kwanta kan fili wajen hekta 8,000, gonaki da gidaje da kushewun iyaye duk suka shige ciki, dubban mutane aka tasa.

Kinsan mutumin fadama ba kamar na tudu bane. Gulbi ya cika ya malalo ya bar masa laka, yai shinkafa, ruwa ya janye ya sa albasa da rogo da dankali, ga kifi a tafkuna, ga ɗorawa da tsamiya da kakansa ya bari. To wannan mutumin ne aka ɗauka aka kai kan jigawa akace ga sabon gari nan, ƙasar da ko gero sai da taki. Diyya kuma wasu an basu abinda bai taka kara ya karya ba, wasu sukai ta jira har suka gaji.

Kuma fa ba waɗanda ruwa ya ci kaɗai ba. Inda za'ai noman ranin katafila aka sa ta baje gonaki, iyakar da kowa ya sani tun kaka da kakanni ta ɓace, damina ta zo ta wuce mutum na kallon gonarsa ba halin shuka, yunwa tasa da yawa suka saida wa masu kuɗi. Na ƙasan dam ɗin su ko lissafinsu ba'a yi ba, gulbi ya daina malalowa kamar da, mai shinkafa ya koma gero da dawa, masunta suka rasa kifi. Gandu kuwa ƙasa ce ke riƙe dashi, ranar da babu gonar da uba zai tara 'ya'yansa a kai sai kowa ya ɗau jakarsa ya tafi cirani, ciranin da ba'a dawowa. Kinji inda 'yan uwan kaka sukai.

Shirun nata ma ina jin na san dalilinsa. Da abin ya ishi manoma sai suka tare hanyoyin wajen aikin suna neman haƙƙinsu, ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shagari, Shehu Kangiwa na gwamnan Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a wajen ƙauyen Birnin Tudu, aka ƙona gidaje. Gwamnati tace mamatan basu kai 30 ba, mutanen wajen da masu bincike sukace sun haura 300. Wallahi duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci, talaka ne fa yake tambayar gonar ubansa.

Kar ki matsa mata da tambayar wannan ranar. Ki bari sai da yamma tana tsintar wake ki zauna gefen tabarmarta ki kunna rikoda a waya, kice Kaka me sunan fadamar taku, wa ke maƙwabtaka daku ta gabas, wace irin shinkafa kuke shukawa. Sunayen ƙannenta da garuruwan da suka nufa kuma ki rubuta su a littafi, wataƙila ta nan ki samo 'ya'yansu.