Majalisar ECOWAS: ina ƙarfinta yake, ina ta gaza?

Malam, ka tambaya ko Majalisar ECOWAS, wato majalisar dokokin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, na da wani amfani tunda ga juyin mulki bai tsaya ba. Tana da amfani, amma sai an fara duba yadda aka gina ta.

An tsara mata kujeru 115, mazauninta Abuja. Kowace ƙasa na da aƙalla 5, sauran kuma a raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Najeriya ke da 35, Gana 8. Sai dai talaka bai taɓa kaɗa wa ko ɗayansu ƙuri'a don wannan kujera ba. Majalisun ƙasashe ne ke zaɓo wakilai daga cikinsu. Nan gizo ke saƙa. Ɗan majalisar da ke sa ran jam'iyyarsa ta sake ba shi takara a gida, da wuya ya tashi a Abuja ya ce shugaban ƙasarsa na shirin murɗe zaɓe. In kuwa sojoji suka rusa majalisar ƙasa, tushen wakilcin ya tafi. Turawa sun warware wannan tun 1979, lokacin da jama'a suka fara zaɓen 'yan Majalisar Turai kai tsaye.

Aikin da ya fi tasiri ba ya fitowa a labarai. A zaman majalisar, kowace tawaga kan karanta rahoton halin da ƙasarta ke ciki, sauran su yi mata tambayoyi. Makaminsu shi ne Yarjejeniyar Dimokuraɗiyya da Shugabanci Nagari ta 2001, wadda ta hana yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata 6 kafin zaɓe, sai da amincewar mafi yawan 'yan siyasa. Wannan sharaɗi na da daraja ƙwarai, domin maguɗi galibi a takarda ake fara shi, tun ba a buga katin ƙuri'a ba. Suna kuma tura tawagogin sa ido da na sasanci.

Wata dokar ECOWAS ta 2016 ta ƙara wa majalisar iko, dole a kawo mata kasafin ƙungiyar ta duba. Takunkumi da dakatar da ƙasa kuwa suna hannun shugabannin ƙasashe. A 2015 an kawo shawarar taƙaita mulki ga wa'adi biyu a duk yankin, Togo da Gambiya suka ƙi, magana ta mutu. Abin takaici ne, don tazarce na cikin abin da ke buɗe wa soja ƙofa, kamar yadda aka gani a Gini a 2021.

Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kujeru 18 ke nan suka tafi da su.