Muryar da aka turo zaure: MySQL na mutuwa ranar sakin sakamako

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Injiniya, na saurari saƙonka kan sabar makarantar nan ta Gombe. Ka ce duk ranar da aka saki sakamakon jarrabawa MySQL, wato shirin da ke ajiye bayanan shafin, sai ya mutu, ka tashe shi, can anjima ya sake faɗuwa, kuma RAM ɗin gig 2 ce. To, kafin ka zaro kuɗi ka ƙaro RAM, fara gano wanda ke kashe shi.

Buga dmesg -T, ko journalctl -k, don ganin saƙonnin da na'urar ta rubuta, ka nemi layin da ya ce "Out of memory: Killed process". In ka gan shi, ba faɗuwa ya yi da kansa ba, kanel ne, wato zuciyar tsarin Linux, ya harbe shi da sigina ta 9 mai kashe shiri nan take don RAM ta ƙare. Masu aiki da Docker, wato manhajar da ke gudanar da shiri a cikin kwantena, za su ga lamba 137, wato 128 a tara da 9. In 139 ka gani, wannan wata cutar ce daban, shirin ne ya taɓa wajen da ba nasa ba a memori, ƙarin RAM ba zai yi maganinta ba.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Kanel ba ya bincike ya gano mai laifi, wanda ya fi kowa riƙe memori yake damƙa. A irin sabarka MySQL ne mafi ƙiba, shi ya sa shi ake bugewa, amma galibi PHP-FPM ne, wato shirin da ke amsa buƙatun masu buɗe shafin, ya cinye gidan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ɗalibai da iyaye sun yi ca a lokaci guda, PHP ya yi ta haifar 'ya'ya, wato ƙananan shirye-shiryen da ke amsa musu, har waje ya cika.

Lissafin ba wuya. Buga ps aux --sort=-rss, ka duba layin RSS, wato yawan RAM da kowane shiri ke riƙe, a kilobait yake. A ce kowane ɗan PHP na cin meg 60, kai kuma wani ya sa maka pm.max_children, wato iyakar yawan 'ya'yan, a 50. Gig 3 ke nan a kan na'ura mai gig 2, ai dole a yi gawa. Ware wa tsarin kansa kamar meg 300, ka bar wa MySQL 700, saura 1000. Raba da 60, ka sami 16. Sa 15 a www.conf, yana cikin pool.d, sannan ka sake tayar da php-fpm. Shafin zai ɗan yi nauyi, mutane za su yi layi, amma layi ya fi rufaffiyar ƙofa.

In ka buga free -h, kar ƙaramin adadin free ya tayar maka da hankali, Linux na ajiye fayiloli a RAM da gangan. Available za ka duba.

In ba swap, wato wajen faifai da ake ara in RAM ta cika, yi na gig 2: fallocate -l 2G /swapfile, sai chmod 600, sai mkswap, sai swapon. Kar ka manta ka rubuta shi a /etc/fstab, in ba haka ba da an sake kunna na'ura ya tafi. Amma fa taya ce ta safaya, ba ta doguwar tafiya ba.

Ɗan'uwan da ya ce a gyara limits.conf, a yi haƙuri, wannan fayil na sa iyaka ba ya taɓa abin da systemd, mai tayar da shirye-shirye irin su MySQL, ya tayar. Sai an bi ta systemctl edit. Kana son ganin ainihin iyakar da ke kan shirin, buɗe /proc, lambar shirin, sannan limits. Kuma in saƙon da ka gani ya fara da "Memory cgroup", to na'urar na da sauran RAM, MemoryMax ne, wato iyakar RAM da aka sa wa shirin a systemd, ko iyakar kwantena ta shaƙe shi.

Sa OOMScoreAdjust=-1000 don a hana kanel kashe MySQL, ni dai ban ba da shawarar a fara da shi ba, kanel zai juya kan wani ne kawai.

Turo mana hoton dmesg ɗin da layuka goma na farko na ps, a ɗauka lokacin da ake cunkoso, ba da asuba ba.