Za mu je Kumasi gun dangi karon farko, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanen kakana ya tafi Kumasi fataucin goro tun kafin a haifi mahaifina, ya yi aure can, bai dawo ba. Bara jikokinsa suka gano mu, muna gaisawa ta WhatsApp. Ina so in kai maiɗakina da yara uku, ƙaramarsu wata goma, mu gan su a dogon hutu. Ba wanda ya taɓa fita Najeriya a cikinmu. Daga Kano nake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Biza dai ba ka buƙata. Najeriya da Ghana duka suna cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ka damar zaman kwana 90. Amma kowa da fasfonsa, har jaririyar, ba a ɗora yaro a kan fasfon uwa. Sai da lambar NIN ake yi, kuma abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna: a NIN Muhammad, a takardar haihuwa Mohammed. Duba wannan yau, kafin ka biya ko sisi. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, ana yinsa a ofishin lafiya na filin jirgi. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka ba ranar tafiya ake yi ba. Daga wata tara ake yi wa yaro, ka ga 'yar autarka ta shiga.

Hanya kuma, in aljihu zai ɗauka, ku hau jirgi. Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ce, daga nan bas zuwa Kumasi, kilomita 250 ne ko kusa da haka, amma ka ƙiyasta awa biyar zuwa shida saboda cunkoso. Ta mota za ku tsallaka iyaka uku, Seme, Hillacondji da Aflao, kowacce a sauko da kowa a buga hatimi. Na bi ta sau da dama ni kaɗai, na ji a jikina, balle da goyo. Ta arewa, wato Nijar da Burkina Faso, ban ba ka shawara ba sam: ga matsalar tsaro, ga shi ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

To, inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne masauki. Da ka ce kana zuwa za su ce gida naka ne, kuma da gaske suke. Sai dai gidajen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Kumasi irin su Aboabo da Asawase, galibi gidajen gandu ne, iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, banɗaki na haɗaka. Na taɓa sauka a irin wannan gida, sai a kwana na uku na lura matar gidan da 'ya'yanta a baranda suke kwana don su bar mini ɗaki. Ba wanda ya gaya mini, kuma ba za a gaya maka ba. Ku biyar ne. Ka kama masauki kusa da unguwar, ku wuni a gida, ku ci abincin gida, dare ya yi ku koma. In dattijon gidan ya nuna ɓacin rai, ka ce saboda jaririya ne, zai karɓa. Kwana bakwai ya isa zuwan farko.

Ka kuma nemi sanin waye babba a zuriyar, ka kira shi da kanka kafin ka sayi tikiti, kada ka tsaya ga saurayin da kuke hira da shi a waya. Gidansa za ku fara sauka, da tsarabarsa daban. Hular Kano, turaren wuta da yadin shadda suna da daraja a can. Goro kam kada ka ɗauka, garinsa za ka. In akwai hoton kakanka ko wata tsohuwar wasiƙa, saka a jaka, sun fi shaddar tasiri.

Ka ja wa yara kunne kada su yi dariyar Hausar 'yan uwansu. Za su ji an ce wa mace "ya zo", haka Hausar zango take. Abinci ba zai ba su wahala ba, akwai koko da ƙosai da safe, akwai waakye, wanda shinkafa da wake ne, sunan ma daga Hausa ya fito.

Kuɗinsu sidi ne. Kada ka dogara da katin bankin naira, riƙe dala ka canza a can, ka ware wani abu da ba za a taɓa ba sai larura. Agusta ya dace, ruwan Kumasi yakan ɗan lafa a watan. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka tuna da hakan ranar komowa.