Zan fara aikin jinya a ƙauyen 'yan asalin Ostiraliya, ta yaya za su yarda da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce, na samu aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Yankin Arewa na Ostiraliya, cikin Aborijinawa, 'yan asalin ƙasar. An ce mini ba su cika sakin jiki da baƙin ma'aikata ba. Me ya kamata in sani kafin in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a fara a sa'a.

Ɗari-ɗarin da aka ba ki labari yana da tushe. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukumomi sun riƙa ƙwace yaran Aborijinawa daga hannun iyayensu, suna kai su gidajen mishan ko gidajen Turawa. Sai ranar 13 ga Fabrairu, 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa. Cikin tsofaffin da za ki duba akwai waɗanda abin ya faɗa wa. A 2007 kuma gwamnatin tarayya ta shiga ƙauyukan wannan yanki da dokar gaggawa, har da sojoji, da sunan kare yara. Saboda haka idan uwa ta ƙi kawo jaririnta awo, kada ki yi saurin kiran abin sakaci. Mai yiwuwa tana tsoron a rubuta rahoton da zai raba ta da ɗanta ne. Kasancewarki baƙar fata kuma ba zai hana su ɗauke ki ma'aikaciyar hukuma ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar "to". Ga mutane da yawa a can Turanci harshe na uku ne ko na huɗu, bayan irin su Warlpiri, Arrernte, Pitjantjatjara, harsunan Yolngu ko Kriol. Ban da haka, sau da yawa mutum kan amsa wa mai iko da "eh" don girmamawa ko don a ƙyale shi, alhali bai fahimta ba, ko kuwa bai yarda ba. Masana harshe sun daɗe da lura da wannan a kotuna da asibitoci. Haɗarinsa a aikinki babba ne. Ɗauki ciwon zuciyar da ke biyo bayan zazzaɓin gaɓoɓi, wanda ya yi yawa a waɗannan ƙauyuka: yaro yana buƙatar allurar fenisilin kusan duk kwana 28, shekara da shekaru. Idan kakarsa ta ce "eh" ba tare da ta gane dalilin allurar ba, da zarar ya warware ba za ki sake ganinsa ba sai zuciyar ta taɓu. Don haka ki rage tambayar da amsarta eh ce ko a'a. Ki ce su maimaita miki da bakinsu abin da za su yi idan sun koma gida. Idan an yi shiru ki jira, shirun tunani ne. Ki zauna a gefen mara lafiya, kada ki tsaya a kansa kina ƙura masa ido. Gwamnatin yankin tana da ofishin tafintoci na harsunan Aborijinawa. Ki kira su, kada ki ɗora wa ƙaramin yaro fassara cutar mahaifiyarsa. Ki tuna kuma ciwon kunne tun yarinta ya rage wa da yawa ji.

Malaminki na farko shi ne ma'aikacin lafiya ɗan garin da za ki tarar a asibitin. Shi ya san wa ke da ikon yanke shawara a kan mara lafiya, wanda ba lallai mahaifi ba ne, kuma ya san waɗanda ba sa haɗuwa ɗaki ɗaya. A nan tarbiyyarki ta gida za ta yi miki rana, domin kin san kunyar surukai. Tasu dai ta fi tsanani, don a wurare da yawa mutum ba ya magana da uwar matarsa sam. Lalurar maza ta maza ce, ta mata ta mata, ki tambaya kafin ki duba namiji a kan abin da ya shafi al'aurarsa.

Idan aka yi rasuwa, gari kan shiga zaman makoki na kwanaki ko makonni, alƙawarin asibiti ya koma baya. Ba a ambaton sunan mamaci na wani lokaci, har masu suna irin nasa sukan koma amsa wani, kamar Kumanjayi a wajen Warlpiri. Ki bincika kafin ki ɗaga murya ki kira suna daga kati.

Ma'aikata kan zo su tafi cikin 'yan watanni, mutanen gari sun gaji da maimaita tarihin ciwonsu ga sabuwar fuska. Ki faɗa musu gaskiyar tsawon zamanki, kuma abin da kika ce za ki yi ranar Talata ki yi shi ranar Talata. Kafin tafiya ki binciki wa ke tafiyar da asibitin. Wasu na gwamnati ne, wasu kuwa al'ummar ce ke riƙe da su ta hannun zaɓaɓɓen kwamiti, tsarin da ya faro a unguwar Redfern ta birnin Sidni a 1971. Idan irin na biyun ne, kwamitin mutanen garin ne shugabanninki a wurin aiki.